Turken Kawu

Shekara ashirin da huɗu kawuna ya yi yana kula da wani turken kankare don kada ya motsa. Aikinsa ke nan, ba shi da wani. Idan dangi suka tambaye ni, “Wai shi me yake yi a cibiyar nan taku?” sai in ce gadi, in huta da dogon bayani.

Cibiyar tamu ta nazarin ƙasan teku ce. Gini ne hawa biyu a bayan tashar jiragen ruwa, ko labulen tagoginsa warin kifi da baƙin mai yake yi. Ni ina hawan ƙasa, a ɗakin kwamfuta, ina karɓar alƙaluman da na’urori ke turowa. Shugabanmu, Furfesa, yana sama, inda na’urar sanyaya ɗaki guda ɗaya mai aiki take. Turken kuwa yana can wani tsibirin dutse, tafiyar awa biyu a kwalekwale mai inji. A kan dutsen tsibirin aka dasa shi, aka ɗora masa eriya mai kama da murfin tukunya. Ita ke magana da taurarin ɗan’adam, kullum tana faɗin inda take tsaye, kuskurenta bai wuce faɗin ƙwayar shinkafa ba.

Kawu yayan mahaifiyata ne. Uwata yake ce mini, don sunan mahaifiyarsu aka sa mini. Tun ina ’yar firamare yake cika mini kunne da bayanin aikinsa, har na haddace ba da sona ba. Ƙasan teku, in ji shi, ba shimfiɗa ɗaya ba ce, falle-falle ne na dutse, kowane falle ya fi ƙasashe goma faɗi. A tsakiyar teku akwai doguwar tsaga inda falle biyu ke rabuwa, narkakken dutse ya taso daga ƙasa ya cike gurbin, ya daskare ya zama sabon baki. Can ɗaya ƙarshen kuma, inda fallen ya tsufa ya yi nauyi, sai ya dinga nutsewa ƙarƙashin maƙwabcinsa yana jan sauran jikinsa, kamar bargon da ya rinjayi gefen gado. Wani lokaci garin nutsewar sai ya yage gida biyu, kowane ya kama gabansa. Tsibirin namu a kan irin wannan falle yake zaune, yana tafiya gabas santimita huɗu a shekara.

Santimita huɗu. Wato duk furfurar da Kawu ya tara a bakin turken nan, tsibirin bai ko cika mita ɗaya ba. A shekara ta ashirin da biyar zai cika. A wannan shekarar ce kuma babbar cibiyar da ke tattara awon tashoshin duniya za ta sa tashar a sahun farko, sahun waɗanda awonsu bai taɓa yankewa ba, waɗanda ake gwada na kowa da su. A shekarar ce kuma Kawu zai yi ritaya. Bai taɓa neman ƙarin girma ba, bai taɓa neman kujerar zuwa taro ba. Wannan mitar kaɗai yake jira, saura wata bakwai.

Furfesa kuwa ya rubuta maƙala talatin da ɗoriya a kan ƙasan teku, amma ƙafarsa ba ta taɓa taka tsibirin ba. Ya ce ruwa bai karɓe shi ba. Bangon ofishinsa cike yake da hotunansa yana musabaha da manya, a kowane hoto shi ne ke kallon kyamara, babban yana kallon wani wuri. Ba ya iya jera zance uku bai ce “lokacin da nake ƙasar waje” ba. Takardun da ake kai masa kuwa sa hannu yake yi yana waya, ko takardar korarsa ka kai masa zai sa, har ya ce maka sannu da ƙoƙari.

To, sai yanar ido ta kama Kawu, likita ya ce duka biyun za a yi wa aiki, ɗaya bayan ɗaya, wata uku babu shiga rana babu shiga ruwa. Ranar da zan kai shi asibiti ya riƙe hannuna a bakin mota.

“Uwata, ki leƙa mini turken. Sau ɗaya a wata ya isa. Ki share eriya, ki duba batir, ki zagaya shi da ido kawai.”

Na ce, “To, Kawu, kada ka damu.”

Ban je ba. Gara in faɗa tun yanzu, kada in yi ta zagin mutane in manta da kaina. Sau ɗaya na taɓa shiga kwalekwalen nan, na amayar da abin da na ci har da wanda ban ci ba. Na ce da raina, dutse ne da kankare, ina za su je? Ga alƙaluma suna zuwa mini har kan tebur. A wata na biyu suka ɗauke, mako uku babu ko ɗigo. Na ce batir ne, da hasken rana yake caji, in rana ta fito zai farfaɗo. Da suka dawo sai na ga tsibirin ya yi tsallen mita ɗaya da santimita tamanin zuwa kudu, kuma kullum yana ƙara gusawa kaɗan-kaɗan.

Na buga takardar na hau sama da ita, da niyyar in ce na’ura ta lalace. Furfesa ya ɗora tabarau a karan hanci, ya bi layin da yatsa. Da ya kai wurin tsallen sai ya kashe wayarsa. Shekara shida ina wurin ban taɓa ganin ya kashe waya ba.

“Malama, kin san abin da kike riƙe da shi?”

“Ranka ya daɗe, ina ganin matsala ce a tashar. Gara a je a duba.”

“Matsala! Fallen ne ya yage. A ƙarƙashinmu, a zamanina!”

“Ranka ya daɗe, ai da an ji girgiza. Na’urar girgizar ƙasa ko tari ba ta yi ba. Masunta ma suna can kullum, babu wanda ya ce komai.”

Ya dube ni ta saman tabarau, irin kallon da ake yi wa wanda ya yi atishawa a tsakiyar jawabi.

“Yanzu masunta za ki kawo mini? Lokacin da nake ƙasar waje na sha faɗa musu, falle yana iya yagewa ba tare da hayaniya ba. Tsagewar shiru. Rubuta, kada in manta. Tsagewar shiru.”

Wallahi na rubuta. Na san in na matsa a je a duba, tambayar da za ta biyo baya ita ce yaushe na je na ƙarshe, ni kuwa ban je ba. Na sauko da takardata sumul kamar wadda aka aika.

Cikin kwana huɗu aka cika zauren taronmu da ’yan jarida. Furfesa ya sa kwat a cikin zafin nan, ya tsaga biredi gida biyu a gaban kyamara don talaka ya fahimta. Ya ce abin da falle ke yi a shekara arba’in da biyar ya yi shi a mako uku. Ya ce duniya za ta sake rubuta littattafanta. Wata ’yar jarida ta tambaya ko mutanen bakin ruwa su fara ɗaure kaya, ya ce a dai zauna cikin shiri, a kuma ƙara wa cibiyarsa kayan aiki. Matar da ke sayar mana da shayi a bakin ƙofa ta kwashe ’ya’yanta ta kai su wurin uwarta a kan tudu. Kwana biyu baki har kunne Furfesa yake yawo, yana gaisa da masinja hannu bibbiyu.

A rediyo Kawu ya ji. Ya sa aka kira ni. Na same shi a falo, an sassauke labule, yana sanye da baƙin tabarau na masu aikin ido, inna, matarsa, tana ɗiga masa magani.

“Uwata, kin je?”

Na fara zancen batir.

“Ba batir na tambaye ki ba.”

“Ban je ba, Kawu.”

Da zagina ya yi da na ji sauƙi. Sai ya ce da inna ta nemo masa malafarsa da jakar aikinsa. Ta ce likita ya ce saura mako biyu. Ya ce likita ya zo ya riƙe shi.

Washegari da hantsi muka shiga ruwa. Ba zan ba da labarin tafiyar ba, mai kwalekwalen dai ya ce in koma baya saboda iska. Tun daga nesa na hango abin da ba na jin yana cikin hotunan tashar: rufin kwano shuɗi yana walƙiya a tsakiyar tsibirin. Da muka hau sai ga rumfa sabuwa fil, an shimfiɗe ƙasanta da tayil, an jera kujerun siminti, an kafa allo mai ɗauke da sunan Furfesa da duk digirorinsa. Turken yana gefe, an shafe shi da fenti fari da shuɗi, an kewaye shi da tukwanen fure. A kan cikon yashi da tsakuwa aka zaunar da shi, har ya fara karkata kamar mai gyangyaɗi. Ga dalilin gusawar da nake gani kullum a kwamfuta.

Kawu bai nufi turken ba. Da idonsa da ba ya gani sosai ya taka har tsakiyar rumfar ya tsaya, ya daki tayil da dunduniya.

“Nan yake,” in ji shi.

Sai ga wani kakkauran mutum ya fito daga bayan rumfa da gwangwanin fenti a hannu, yana washe baki. Ɗan kwangilar cibiyarmu ne, Nan-da-nan ake ce masa, don ba a taɓa ba shi aiki ya tsaya tambaya ba. Ashe tun bara Furfesa ya sa hannu a gina wa baƙi wurin zama a tsibirin, saboda wata tawaga da za ta zo, ya kuma manta.

“Baba! Sannu da jiki. Ka ga aiki ko? Ka ga yadda na gyara maka ɗan naka?”

“Kai ka ɗauke shi?”

“Da hannuna na tsaya a kai. A tsakiyar fili yake, ya tsare iska, ya tsare kallo. Mutum goma sha biyu na sa. Baba, ko ƙwarzane bai yi ba. Wayoyin nan ɗaya bayan ɗaya na sa musu alama, na mayar da su yadda suke. Wani ne da ya fasa maka shi ya gina sabo.”

Jira yake a gode masa. Na buɗe baki zan wanke shi tas, sai na tuna aikin nasa wata guda ya ɗauka, kuma a cikin watan nan ne ya kamata in zo. Na mayar da bakina na rufe.

Kawu ya zauna a kujerar siminti. Sai na ga fuskarsa ta saki.

“Ba komai, Uwata. Ba a rasa komai ba tukuna. Akwai shaidu.”

Nan ya faɗa mini abin da shekara shida ina cibiyar ban sani ba, don ban taɓa tambaya ba. Ranar da aka dasa turken, ya huda dutsen tsibirin wuri uku, ya kafa ƙusoshin tagulla uku kewaye da shi. Duk wata yana jan tef ɗin awo daga turken zuwa kowace ƙusa, ya rubuta a kundinsa. Idan turken ya faɗi ko aka ture shi, ƙusoshin za su nuna ainihin gurbinsa, a auna tazarar, a ɗinke sabon awo da tsohon. Dokar babbar cibiyar ma haka ta ce: in akwai shaidu, tasha tana nan da shekarunta. In babu, sabuwa ce, a fara ƙirga daga ɗaya. Ya zaro kundin daga jaka, bangonsa ya yi baƙi da gumi da gishiri.

“Tayil uku kawai za a ɗaga mana. Zan nuna maka wuraren. Ni zan mayar maka da su da hannuna.”

Nan-da-nan ya daki ƙirji, murna ta sake rufe shi.

“Af, Baba! Ƙusoshin nan masu ruwan gwal? Ai ba sai ka ɗaga tayil ba. Dakata.”

Ya ruga inda kayan aikinsa suke, ya dawo da wata ambulan, ya zazzage ta a tafin hannun Kawu. Ƙusoshi uku, an goge su da toka ko da mene ne, sai ƙyalli suke.

“Da muka zo daidaita wurin, dutsen duk tudu da kwari ne, sai da muka sassaƙe kusan taƙi guda kafin tayil ya zauna. Lebura ɗaya har ya sa su a aljihu, na ce kai, ajiye, kayan gwamnati ne, na Baba ne. Ƙirga ka gani, uku ne cif. Ni ba a ba ni amana in ci.”

Kawu ya juya su da babban yatsa, ɗaya bayan ɗaya. Hawaye ya gangaro ta ƙarƙashin baƙin tabarau. Nan-da-nan ya ce ai bai kamata a fito da shi rana ba, idon bai warke ba. Kawu ya ce haka ne. Ya ce masa kuma ya gode da ya adana su. Ni dai a ranar na tsani mutum uku, ɗan kwangila da Furfesa da ni, kuma na ukun ce ba ni da inda zan guje mata.

Da na kai wa Furfesa hotuna, sai da ya yi minti guda yana jujjuya su. Na ɗauka kunya ce. Ashe lissafi yake yi.

“Wa ke da alhakin duba tashar a watannin nan?”

“Ni ce, ranka ya daɗe.”

“To.” Ya gyara zama, jini ya dawo masa fuska. “Kin ga illar sakacin ƙananan ma’aikata. An kawo mini alƙaluma marasa tsabta, an nemi a zubar mini da mutunci.”

“Ranka ya daɗe, sa hannunka ne a takardar rumfar.”

“Malama, ni a rana takarda nawa nake sa wa hannu?”

Aka ba ni takardar gargaɗi, na karɓa, don na cancance ta. ’Yan jarida ba a sake kiransu ba, su ma ba su sake tambaya ba, wani labarin ya taso. Mai shayi ta dawo da ’ya’yanta ta daina gaishe mu. Maƙalar kuwa ba ta mutu ba. Furfesa ya sauya mata kai, ta koma a kan haɗarin dogaro da tasha ɗaya wajen gano tsagewar falle, ya tafi ƙasar waje ya karanta, aka tafa masa. Tawagar ta zo ta zauna a rumfa ta sha iska, suka ɗauki hoto da turken, ɗayansu har ya jingina da shi.

Amsar babbar cibiyar layi biyu ce. Sun rufe tsohuwar tashar a shekara ashirin da huɗu da wata bakwai. Idan mun sake dasa turken a kan dutse, za su ba shi sabuwar lamba. Ni na karanta wa Kawu, don ya ce ƙananan rubutu har yanzu suna yi masa rawa. Ya sa na maimaita, sannan ya tambayi inna ko akwai sauran ruwan zafi.

Na ɗauka shi ke nan, zai ƙarasa watanninsa a gida. Bayan mako uku sai ga shi a ƙofar ɗakin kwamfuta da malafa da jaka, ya ce kwalekwale na jira. Ya samo magina biyu da kansa. A can ƙarshen tsibirin, nesa da rumfa da furanninta, inda ba mai sha’awar zama, suka huda dutse suka dasa sabon turke. Da ya bushe muka koma, ya kafa ƙusoshin nan uku, ya ɗauko sabon kundi. Ya ba ni bakin tef ya ce in dafe a kan ƙusar farko, ya ja zuwa turken ya duƙa. Ya daɗe a duƙe. Ya cire tabarau ya mayar.

“Zo ki karanta, Uwata. Ni zan dafe.”

Muka yi musaya. Na karanta, mita uku da santimita goma sha biyu da ɗigo huɗu. Ya ce in sake ja, tef ɗin ya yi ciki. Na sake. Ya ce in rubuta, da kwanan wata, da yanayin iska. Jirin kwalekwale bai sake ni ba, rubutun ya fito a karkace a shafin farko.

“Shekararki nawa yanzu?”

“Talatin da huɗu, Kawu.”

Na ga leɓɓansa suna motsi yana haɗawa da ashirin da biyar.

“Hamsin da tara. To, za ki kai.”

Ban ce masa na yarda ba. Shi ma bai tambaye ni ba. Ya naɗe tef ɗin, ya sa shi a jakata tare da kundin, ya bar tasa jakar babu komai sai goran ruwa. A hanyar dawowa na yi amai sau biyu, yana riƙe da gefen mayafina don kada in faɗa ruwa. Da muka kusa gaɓa ya ce da mai kwalekwale daga yau ranar biyar ga kowane wata ni zai jira.